Kason Inna Daga Dajin Badar

Tun da na dawo daga Makka mutane suka hana ni ɗinki. Kowa ya zo shago, maimakon ya miƙo yadi sai ya ja benci ya zauna, wai Alhaji Sale a ba mu labari. Kuma ba labarin Arfa ko jifan Shaiɗan suke so ba. Alhaji Mudi mai goro, abokin tafiyata, shi ya ja mini, don shi ya baza a unguwa cewa kowa ya tafi Madina neman lada, ni na tafi farautar barewa. To ga labarin nan daga bakina, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba, ku bar ni in taka kekena.

Sai na fara da Inna, mahaifiyata, don ita ce dalilin komai. Kakana mafarauci ne a ƙauyenmu na gefen dajin Falgore, kuma 'ya'yansa biyu ne suka rayu, Kawu Jatau da Inna. Kawu shi ya gaji farautar. Tun ba a haife ni ba ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, ya ce da ya sauke farali zai juyo. Bai juyo ba. Aka ce an gan shi a Sudan yana aikin auduga, daga baya wasu alhazai suka ce yana Madina har ya yi iyali. Mu dai mun tashi muna jin sunansa kullum kamar yana bayan ɗaki. A gidan kakana akwai wata al'ada: duk abin da mafarauci ya kashe, karfatar dama, wato ƙafar gaba haɗe da kafaɗarta, kason 'yar'uwarsa ce. In zai kwana gida, da hannunsa yake kawo mata. In kuwa ya ga ba zai samu dawowa ba, sai ya ɗaure ƙofaton da kaba ya aiko wani da ita, don kada a yi ta zaman jiransa. Inna ta ba mu labarin nan har mun haddace.

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira Allah ya nufe ni da tafiya. Da na je sallama, Inna ba ta ce in sayo mata dabino ko zoben azurfa ba. Ta ba ni ƙullin daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, ta riƙe hannuna ta ce, "Ka nemo min Yaya. Ka ce masa Hauwa ta tsufa, ya zo in gan shi ko sau ɗaya ne." Na ce mata in Allah ya yarda tare za ta gan mu. Da gaske nake, don a ganina wane ne zai ƙi zuwa gida.

Jirgin sama dai ba ni da abin faɗa a kansa sai cewa cikina bai so shi ba. Da ya ɗaga daga Kano, Alhaji Mudi, wanda ya cika mu da baki a sansanin alhazai cewa shi ya saba da tafiye-tafiye har Gwanja, ya damƙe cinyata bai sake ba sai da muka sauka Jidda. A can aka tara mu a wani ƙaton gida na alhazai, aka karɓe fasfo, aka duba katin allura, aka ce kowa ya buɗe kayansa. Ma'aikacin da ya zo kaina ya kwance ƙullin Inna, ya kai hanci, ya yi baya kamar an mare shi. Ya kira wani, shi ma ya sansana, suka yi ta Larabci suna nuna ni. Ni ko Larabcina bai wuce na salla ba. Na yi musu alamar tukunya, na yi alamar kai loma baki, a banza. Allah ya kawo wani dattijo mai shara, baƙi kamar mu, ya jingine tsintsiya ya ce musu wani abu suka yi dariya suka ɗaure mini kayana. Sannan ya juyo ya ce da ni da Hausa ras, "Ɗan'uwa, ko za ka san mini kaɗan? Rabona da daddawa tun ina Fort Lamy, can Chadi." Na gutsura masa. Ya sa a aljihun ƙirji kamar turare.

Aikin hajji muka yi shi lafiya, Allah ya karɓa. Daga Makka aka zuba mu a wata doguwar mota, kaya a sama, muka kama hanyar Madina. Hanyar nan babu komai sai duwatsu da rairayi, bishiya ma sai ka yi ta zuba ido kafin ka ga guda. Na yi ta tunanin mutumin da ya tashi a Falgore, inda ciyawa ke shanye mai doki, yadda ya iya zama a irin wannan ƙasa. A Badar aka tsaya cin abinci. Rumfuna ne a bakin hanya da wasu dogayen gadajen igiya, a kansu ake zama a ci a kishingiɗa. Aka kawo shinkafa da soyayyen kifi a babban faranti. Alhaji Mudi ya ce a ba shi miya, mai abinci ya miƙo masa lemon tsami. Sai shayi a wasu 'yan kofuna da ba su fi kurɓa biyu ba. A wurinmu in ka ba baƙo wannan ai sai a yi da kai a gari.

Madina kuwa, jama'a, ban san yadda zan faɗa muku ba. Da na hango koren kubba hawaye suka zo mini ba shiri, ni da ko a jana'iza ba na kuka. Garin akwai sanyi lokacin, mutanensa kuma sun fi na Makka taushin baki. Aka sauke mu a wani tsohon gida kusa da masallaci, muka cika ɗaki kamar an jera kifi, Alhaji Mudi da minsharinsa a gefena. Da safe wake ne dafaffe da aka dama da mai, da wata faffaɗar gurasa mai zafi. Abin da ya fi ba ni mamaki tantabaru. Ga su nan dami-dami a harabar masallaci suna bin ƙafafun mutane, ba mai ko korar su. Aka ce mini Madina harami ce, ba a farauta a cikinta, ba a ko firgita tsuntsu. Na ce da a unguwarmu ne, kafin la'asar yara sun gama da su da danƙo.

Neman Kawu ya ba ni wahala. Aka ce in tafi Harra ta Gabas, can mutanenmu suke. Unguwa ce a kan baƙin dutse mai cin takalmi, gidaje a cushe, lunguna kamar na cikin birnin Kano. Ka ji Hausa ta ko'ina, amma wata iri, ta Nijar da ta Sudan da ta Chadi duk a gauraye, ana cikin magana sai a zarce da Larabci a bar ka a tsaye. Na yi ta tambayar Jatau, ba wanda ya san shi. Ashe sunan ya bar shi a hanya, a can Ammi Abdullahi ake ce masa, wato Baffa Abdullahi da Larabci. Hancina ne ya kai ni. Na ji ƙamshin tsire, tsire na gaske mai ƙuli-ƙuli, na bi shi har wata kwana. Ga wani tsoho a bakin tukuba yana juya tsinke, ya sunkuyar da kai gefe guda kamar yadda Inna take yi in tana tsince shinkafa. Na yi sallama na ce, "Kawu Jatau?"

Tsinken ya faɗi cikin wuta. Ya daɗe yana kallona, idanunsa sun yi fari-fari da tsufa, sannan ya ce, "Ɗan wa?" Na ce ɗan Hauwa. Sai ya kama fuskata da hannuwansa masu yaji yana shafawa, har idona ya yi ta ruwa, ban san ko yajin ne ko kukan ba.

Ranar ya rufe sana'a ya kai ni gida. Matarsa ta rasu, tana kwance a Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin masallaci. 'Yarsa Zainab ce ke kula da shi. Na gaishe ta da Hausa, ta ji sarai, ta amsa da Larabci tana murmushi. Abin ya sosa mini rai, 'yar kawuna ce fa, amma sai da tafinta. Da na miƙa ƙullin Inna, Kawu da kansa ya tsuguna a madafa ya kaɗa miyar kuka, Zainab na toshe hanci tana dariya. Ya ci yana tambayata. Tsamiyar ƙofar gida tana nan? Rijiyar bayan masallaci ta ƙafe? Wane yana da rai? Yawancin waɗanda ya ambata sun rasu, wasu ma ban taɓa jin sunansu ba. Da ya gama na isar da saƙon Inna kamar yadda ta faɗa. Ya suɗe hannu, ya ce shayi ya yi sanyi.

Haka muka yi ta yi. Kullum bayan sallar azahar in tafi Harra, kullum in tayar da maganar, kullum ya kauce. Ku kun san ni ba ni da haƙuri. Rannan na fusata na ce masa, Kawu, tafiyarmu ta matso, me zan ce wa Inna? Ko wanda ya mutu ai ana zuwa a yi masa ta'aziyya, kai kana raye ka bar ƙanwarka tana kallon hanya. Na zaci zai yi faɗa. Sai kawai ya tambaye ni ko na taɓa riƙe bindiga. Na ce ni tela ne, almakashi na sani. Ya girgiza kai ya ce jikan mafarauci guda, abin kunya. Ya ce in shirya, jibi za mu daji.

Alhaji Mudi da ya ji ya kama salati. Wai mutane na ƙoƙarin kada salla ɗaya ta wuce su a masallacin Manzo, ni zan tafi bin dabbobi. Ni ma abin ya dame ni, amma na ce a raina wataƙila a daji Kawu ya buɗe baki.

Akwai wani abokin Kawu, Abu Salim, Balarabe manomin dabino a wajen Badar, shi ke da bindiga da ƙaramar motar ɗaukar kaya. Can muka je, nesa da haramin Madina, inda farauta ta halatta. Bayan sallar asuba muka shiga wani kwari tsakanin duwatsu. Abu Salim ya so a bi barewa da mota har ta gaji, haka ake yi a can yanzu, shi ya sa ma suka yi ƙaranci. Kawu ya ce shi ba zai ci naman da mota ta kashe ba. Muka bar motar muka taka. Idon Kawu ba ya ganin nesa, amma da ya tsuguna ya murza kashin barewa a yatsunsa, ya watsa ƙasa ya ga inda iska ta nufa, sai na ga tsufan ya sauka daga jikinsa. Ya sa muka zagaya ta bayan wani dutse, muka kwanta rub da ciki.

Sai ga su, 'yan kaɗan, suna cin ganyen wata ƙaya. Sun fi namu na gida ƙanƙanta. Abu Salim ya nuna mini namijin, Kawu ya raɗa mini cewa in yi bisimilla kafin in ja kunama, in na manta naman bai ciwu ba. Na yi bisimilla, na rufe ido ɗaya, ina jin har da na biyun, na harba. Bindigar ta doke ni a kafaɗa. Da na buɗe ido sauran sun watse, guda na ƙasa yana shure-shure.

Wayyo, ku zo ku ga tela! Na yi tsalle na ɗaga bindiga sama ina ihu, ina kiran sunan kakana, har da ɗan kirarin da na tsinta a bakin Inna. Sai ji na yi an make mini ƙeya. Kawu ne. "Gudu, kai! Yana da rai! In ya mutu kana nan kana rawa, mushe ka yi mana!" Na zura a guje, na isa kansa, na laluba ƙugu, ashe wuƙar da aka ba ni na baro ta a mota. Tsohon nan da nake ganin ba ya iya sauri sai ga shi a bayana yana haki, ya zaro tasa ya danƙa mini. Ya sa na juyar da shi alƙibla, na taka ƙafafun, na kama ƙahon, na sake bisimilla na yanka. Ya ce kada in ɗaga wuƙa sai na gama. Jini ya zubo da ƙarfi, Kawu ya ce alhamdu lillahi, mun same shi da rai.

Daga nan ya hana ni taɓa shi sai da ya daina motsi gaba ɗaya. Murnar nan duk ta tafi, na ga idon dabbar a buɗe, tausayi ya kama ni. Kawu ya ce haka ake so, wanda bai ji komai ba a wannan lokacin bai kamata a sake ba shi bindiga ba.

Ni a tawa wautar sai mu jefa shi a mota mu koma Madina a feɗe a gida. Kawu ya ce kafin mu kai rabin hanya cikin ya kumbura naman ya yi wari, sanyin safiya yaudara ne, rana na tafe. Muka ja shi inuwar dutse, aka shimfiɗa ganyen dabino don kada rairayi ya taɓa naman. Ya riƙe hannuna ya nuna mini yadda ake tsaga ciki, bakin wuƙa na kallon sama, yatsu biyu a ƙarƙashi suna tura tumbi baya, don in ka huda tumbi ko mafitsara ka ɓata aikinka. Na zaro kayan ciki, ya sa na ware hanta da zuciya da ƙoda, na yanke inda harsashi ya ɓata na yar. Abu Salim ya kawo ruwa zai zuba, Kawu ya hana, ya ce da tsumma mai tsabta ake goge ciki, jiƙaƙƙen nama ba ya jure hanya. Aka sa kara aka buɗe haƙarƙarin iska ta shiga. Fiɗa kuwa da dunƙulen hannu ya ce in yi, wuƙa sai inda ta zama dole, kada in huda fatar. A nan dai ɗinki ya yi mini rana, har ya ce hannuna ba laifi. Abin da ba a ci ya sa na haƙa rami na binne, ya ce ba a barin wurin yanka kamar kura ce ta ci.

Sai rabo. Cinya guda ta mai bindiga ce, aka ba Abu Salim. Hantar aka gasa nan take muka ci da gishiri, Kawu ya ce a gidanmu wanda ya yi kisan fari shi ke ci a ƙarshe, don ya koyi cewa ba don cikinsa kaɗai ya fito ba. Da aka zo karfatar dama sai ya karɓi wuƙar daga hannuna. Ya cire ta a hankali, ya bar 'yar fata a wajen ƙofato. Sannan ya yagi ganyen dabino, ya tsaga shi siriri, ya ɗaure ƙofaton. Ɗaurin farko bai kama ba, sai da ya sake.

Na gane. Na ce, "Kawu, da hannunka ake kaiwa."

Ya zauna a kan dutse, karfatar a cinyarsa. Ya ce, "Ɗan Hauwa, babu ranar da ba na ganin ƙofar gidanmu. Amma na tsufa. Uwar Zainab tana Baƙi'a, na roƙi Allah ya kwantar da ni kusa da ita, kusa da Manzo. In na tafi na san ba zan dawo ba, ƙasar can za ta riƙe ni. Ina son ganin Hauwa, ina tsoron mutuwa a wani wuri. Na rasa bakin da zan faɗa mata, shi ya sa na kawo ka nan."

Na zauna kusa da shi, Abu Salim ya ba mu baya yana haɗa shayi.

A Madina Kawu ya shafe karfatar da gishiri da yaji, ya yi mata banda a kan tukubarsa da wuta kaɗan-kaɗan har ta bushe ƙamas. Zainab ta naɗe ta a farin ƙyalle, ta ƙara da turare da ɗankwali ta ce a kai wa "Amma Hauwa", wato Gwaggo Hauwa da Larabci, sunan Inna ke nan na fara ji a bakinta. Ranar tafiya ya rako ni har bakin mota. Bai yi doguwar sallama ba, ya dai ce in riƙa tunawa da wuƙa. Motar ta tashi ina waiwaye, yana tsaye da kansa a karkace har kwana ta raba mu. Na tura karfatar a tsakiyar buhun dabino. A jirgi Alhaji Mudi ya yi ta cewa shi fa yana jin ƙamshin nama, na ce masa yunwa ce.

Duk hanyar ƙauye ina shirya abin da zan ce wa Inna. Na iske ta a tsakar gida, mata sun cika ana ta barka da sauka, ita kuwa idonta na kan zaure, tana duban bayana. Da aka watse na kwance ƙyallen na ajiye a gabanta. Ta ɗauka ta juya, ta shafa 'yar fatar nan, yatsunta suka tsaya a kan ɗaurin.

Ta ce, "Ba zai zo ba ke nan."

Na ce eh, Inna. Ta gyaɗa kai, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Ta ce ɗaurin Baba ne, bai manta ba. Sannan ta tambaye ni ko yana cin abinci sosai, ko akwai mai yi masa wanki, ko furfura ta gama masa kai. Na faɗa mata duk abin da na gani, har da marin da na sha a ƙeya, ta yi dariya cikin kuka ta ce haka yake tun yana yaro.

Naman nan ba ta ba kowa ba, ita da ko ƙwai ba ta iya ci ba ta raba ba. Kaɗan-kaɗan take yanka ta jefa a miyarta, ya kai ta har damina. Ni ma tun da na dawo, in na ji ƙamshin tsire da yamma sai zuciyata ta tafi kwanar nan ta Harra, in ji kamar in ajiye almakashi in kama hanya. Inna kuwa ta daina tambayar alhazai ko sun ga Yaya, ta daina ɗaga kai in an yi sallama a zaure. Ƙashin yana rataye a ɗakinta bisa gado, da ganyen dabinon a jikinsa, ba ta kwance ba.